Zancen Zuci a Kan Dandamali: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga matasan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Gusau, da ɗaliban adabi da kan biyo ta wajen gwajinmu da yamma, tun da muka fara gwada fito da abin da ke cikin ran ɗan wasa a gaban 'yan kallo. Na tattara su wuri ɗaya don wanda ya zo daga baya ya samu inda zai kama.

Mene ne ake nufi da wasan cikin zuciya?

Wasa ne da babban rikicinsa yake faruwa a cikin ran mutum. A wasannin da muka saba da su, abin da ke tafiyar da labari a waje yake: miji ya saki mata, ɗan kasuwa ya yi algus, an kai ƙara gaban alƙali. A wannan salon kuwa, mai yiwuwa abin da ido zai gani bai wuce mata biyu suna shan shayi ba, amma marubucin ya nemo hanyar da za mu ji tsoro da kishi da nadama da ke kai-komo a zukatansu. Daga wajen 1890 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, marubuta a Turai da Amurka sun yi ta gwaje-gwaje kan wannan, kowa da tasa dabarar. Wadda ta fi fice a cikinsu ita ce a bar ɗan wasa ya furta tunaninsa da baki, 'yan kallo su ji, sauran waɗanda ke kan dandamali tare da shi kuma su yi kamar ba su ji ba.

Ai tun zamanin Shakespeare ɗan wasa yana tsayawa ya yi magana shi kaɗai. Ina sabon abu a nan?

Gaskiya ne, kuma wasansa Hamlet, wanda ya rubuta wajen 1600, cike yake da irin wannan. Sai dai in ka saurari Hamlet za ka ji magana ce shiryayya, mai kai da gindi, ta mutumin da ya san abin da ke damunsa yana auna shi. Daga baya, a ƙarshen ƙarni na 19, marubutan da ke son wasa ya yi kama da rayuwa sak suka yi watsi da wannan al'ada, suka ce mai hankali ba ya tsayawa tsakar ɗaki yana yi wa bango jawabi.

Da 'yan sabon salo suka dawo da ita, sun dawo da ita da wata kama. Tunanin da suke son a ji shi ne wanda bai gama nuna ba: jimla ta tsinke a tsakiya, abin da ya faru shekara ashirin ya faɗo cikin maganar yau, mutum ya yi wa kansa ƙarya mu kuma muna ji muna gane ƙarya ce. Mai maganar sau da yawa bai san abin da yake tonawa ba. Ka juya hular da aka yi wa aikin hannu ka dubi cikinta, za ka ga zare ya sarƙe, ƙulli nan ƙulli can, alhali waje fes yake. Cikin hular suke son nuna mana.

Me ya sa abin ya taso a wannan lokacin?

Abubuwa da dama ne suka haɗu. A 1890 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka William James ya bayyana tunani a matsayin abin da ke gudana ba yankewa. Littafin Sigmund Freud kan fassarar mafarki ya fito da shekarar 1900 a bangonsa, yana cewa akwai buƙatu da tsoro da ke binne a ƙasan hankali suna juya mutum bai sani ba. Marubutan ƙagaggun labarai suka ɗauka: James Joyce a 1922, Virginia Woolf a 1925, duk sun rubuta littattafan da ke bin tunanin mutum daƙiƙa bayan daƙiƙa. Sannan ga Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, wanda ya mayar da dubban samari gida jikinsu lafiya amma suna firgita, wasu ma bakinsu ya mutu. Wasan da ke nuna waje kawai ya kasa ɗaukar wannan nauyi.

Akwai kuma dalilin kayan aiki, wanda ɗalibai kan manta da shi. Wutar lantarki ta shiga gidajen wasa daga 1881, lokacin da aka haskaka gidan wasa na Savoy a Landan da ita. Da zarar ka iya dusashe haske ko'ina ka bar shi kan fuska ɗaya, ka sami hanyar ce wa 'yan kallo yanzu mun shiga cikin kan wannan mutumin.

Wa ya fara?

Ba mutum ɗaya ba ne, amma sunan da ba a tsallakewa shi ne August Strindberg na Suwidin, wanda ya rayu daga 1849 zuwa 1912. Yana da wani ɗan gajeren wasa na 1889, The Stronger, inda mata biyu suka haɗu a shagon shayi. Ɗaya ce kawai ke magana daga farko har ƙarshe, ɗayar ko uffan. A cikin surutun nata ne matar auren take ganowa da kanta, a gabanmu, cewa wannan mai shirun ta daɗe da shiga tsakaninta da mijinta. A 1901 kuma ya rubuta A Dream Play, wanda ya gina shi bisa tsarin mafarki: wuri yana rikiɗa ya zama wani wuri, mutum ɗaya ya rabu biyu, lokaci ya daina bin ƙa'ida. A 1907 ya buɗe ƙaramin gidan wasa a Stockholm, domin irin wannan aiki yana son 'yan kallo su kasance kusa har su ga motsin ido.

A Rasha, Nikolai Evreinov ya yi wani wasa a 1912 wanda dandamalin kansa shi ne cikin ƙirjin mutum, ga zuciya tana bugawa, ga hankalinsa da son ransa a matsayin 'yan wasa dabam-dabam suna jayayya.

Wane wasa ne ya fi shahara da zancen zuci?

Strange Interlude na marubucin Amurka Eugene O'Neill, wanda aka fara nunawa a Nuyok a watan Janairun 1928. Kashi tara gare shi. Ana farawa bayan ƙarfe biyar na yamma, a ba da hutu mutane su je su ci abinci, a dawo a ci gaba har wajen sha ɗaya na dare. Duk da wannan tsawo an nuna shi sama da sau 400, ya ci kyautar Pulitzer ta shekarar, shi kuma O'Neill ya karɓi kyautar Nobel a 1936.

Labarin wata mata ce, Nina Leeds, wadda saurayinta matuƙin jirgin sama ya mutu a yaƙi kafin su yi aure, kuma mahaifinta ne ya sa aka ɗaga auren. Wasan ya bi ta kimanin shekara 25, da maza ukun da rayuwarta ta sarƙe da su: mijinta, da wani likita, da wani marubuci abokin mahaifinta da ya daɗe yana sonta bai taɓa faɗa ba. Kusan kowace magana da aka yi a fili tana da 'yar'uwarta ta ɓoye da ake furtawa kafinta ko bayanta. Mutum zai yi gaisuwa cikin fara'a, nan take mu ji ransa yana tsine wa wanda ya gaisar.

Wurin da na fi so ɗalibai su karanta shi ne ƙarshen kashi na shida. Mazan uku suna zaune a ɗaki ɗaya, kowa da abin da ke cin sa, ita kuma tana kallonsu tana jin daɗin cewa dukkansu a hannunta suke. A zahiri ba abin da ya faru, mutane huɗu ne a falo da dare. Amma wanda ya ji tunanin kowannensu ya san ɗakin ya kusa kamawa da wuta. Wannan shi ne ribar salon gaba ɗaya: ɗan kallo ya fi kowa a kan dandamali sanin gaskiya, kuma nauyin wannan sani ne ke riƙe shi a kujera.

Ban ce wasan ba shi da aibi ba. Akwai wuraren da tunanin da ake furtawa bai ƙara komai ba, maimaita abin da fuska ta riga ta nuna ne. An kuma hana nuna shi a Boston a 1929 saboda batun zubar da ciki da cin amanar aure da ke ciki, sai da aka kai shi wani gari kusa mai suna Quincy.

Ta yaya 'yan kallo za su bambance magana da tunani?

Wannan ita ce tambayar da kowane darakta zai fara warwarewa, kuma an gwada hanyoyi da yawa. Philip Moeller, wanda ya ba da umarni a Strange Interlude, ya sa duk wanda ke kan dandamali ya daskare a inda yake muddin wani yana furta tunaninsa. Mai ɗaga kofi ya tsaya da kofinsa a sama. Da an gama, motsi ya dawo. Cikin 'yan mintuna 'yan kallo suka gane ƙa'idar.

Alice Gerstenberg ta bi wata hanya a Overtones, wanda aka nuna a Nuyok a 1915, shekaru 13 kafin na O'Neill. Mata biyu ne ke hira, amma 'yan wasa huɗu ne, domin kowace tana da ta cikinta tsaye a bayanta lulluɓe da mayafi mai shara-shara. Ɗaya ta auri mai kuɗi ba ta sonsa, ɗayar ta auri mai zane da waccan ke so, suna fama da talauci. Ta waje tana cewa na gode, na ƙoshi, ta ciki tana kukan yunwa tana miƙa hannu ga abincin da ke kan tebur. Wannan tsari shi ya fi karɓar mu a nan, zan dawo kansa.

O'Neill ya gwada abin rufe fuska a The Great God Brown na 1926: in mutum yana cikin jama'a ya sa, in ya kaɗaita ya cire. A The Emperor Jones na 1920 kuwa ganga ya yi amfani da ita. Ya rubuta cewa a fara kiɗan da bugu 72 a minti, daidai da bugun zuciyar mai lafiya, a riƙa ƙara sauri a hankali yayin da tauraron ke gudu cikin daji tsoffin laifuffukansa suna bayyana masa. An soki yadda wasan ya siffanta baƙar fata, kuma Charles Gilpin, baƙin ɗan wasan da ya fara fitowa a matsayin Jones, ya riƙa sauya wasu kalmomin cin mutunci da ke ciki har suka saɓa da marubucin. Sukar tana da hujja. Dabarar gangar dai ta yi aiki, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san abin da kalangu ke yi wa ƙirji.

Arthur Miller, a Death of a Salesman na 1949, ya sa doka mai sauƙi: in ana cikin yau, 'yan wasa su shiga gida ta ƙofa, in tauraron ya faɗa cikin tuna baya, su ratsa ta inda bango yake kamar babu shi. Samuel Beckett kuma, a Krapp's Last Tape na 1958, ya zaunar da tsoho mai shekara 69 gaban rikoda yana sauraron muryarsa da ya naɗa yana ɗan shekara 39, yana jin haushin wancan mutumin yana kuma kewar abin da ya yar.

Mu mutane ne masu kunya da kawaici. Tona ciki a bainar jama'a bai saɓa wa ɗabi'armu ba?

A ganina, kunyar nan tamu ita ce babban dalilin da ya sa salon ya dace da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro shi. Inda kowa ke faɗin abin da ke ransa, zancen zuci ba shi da aikin yi. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. Uwargida ita ke yi wa amarya maraba da bakinta. Tazarar da ke tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da rai ya riƙe tana da faɗi a wurinmu, kuma a cikin wannan tazara wasan yake.

Rubutattun wasanninmu da ake karantawa a makarantu, irin su Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, sun yi aikinsu na faɗakarwa da gyaran hali, kuma ba na raina su. Haka wasannin wayar da kai da ƙungiyoyi ke yawo da su kan rigakafi da karatun 'ya'ya mata. Amma shekarun nan Zamfara ta ga abin da faɗakarwa kaɗai ba za ta ɗauke shi ba. Akwai magidantan da suka baro ƙauyukansu suna zaune a ɗakin ƙannensu a Gusau, ana tambayarsu ya gida su ce lafiya lau. Akwai waɗanda suka sayar da gona da shanu suka biya kuɗin fansa, kuma ba su taɓa zama sun yi maganar da wanda aka fanso ba. Wasan da zai tsaya a kan "lafiya lau" bai faɗi komai game da su ba.

Ga wata 'yar fitowa da muke gwadawa. Ɗan fari ne ya dawo bayan an biya fansa, gida cike da 'yan barka. Uwar tana zaune kan tabarma, wata 'yar wasa kuma tana durƙushe a bayanta da baƙin mayafi, ita ce cikinta.

Ɗa (ya durƙusa daga nesa): Inna, na iso.

Inna (ba ta ɗago ba): To. Sannu da hanya. Ku ba shi ruwa.

Cikin Inna: Wanga takalmi ba nashi na ba. Ƙahwatai ta kumbura. Kar in dube shi, mutane na nan. Wa ka hwaɗa mai an sai da gona? Ba yau ba. Akwai sauran gari, in yi mai tuwo, shina son na dawa. Sunanai. Ko sau guda in kira sunanai.

Inna (ga maƙwabciya): Gwaggo, a shimfiɗa wa baƙi tabarma a zaure.

Ka lura uwar ba ta karya al'ada ko kaɗan ba. Kawaicinta yana nan daram, mu ne kawai aka ba mu damar ganin abin da kawaicin ke ci mata. Wanda ya kalli wannan zai koma gida ya dubi tasa mahaifiyar da wani ido.

Me ya sa cikin Inna yake magana da Zamfarci, ita kuma a fili ba haka ba?

Da gangan ne. Mutum yana tunani da harshen da aka yi masa reno da shi. Ma'aikacin da ya taso a Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara zai iya yin daidaitacciyar Hausa a ofis, har ya surka da Turanci, amma in tsoro ya kama shi da tsakar dare "mi munka yi" zai ce. In ka ba bakin ɗan wasa Hausar littafi ka ba cikinsa Hausar gida, 'yan kallo za su rarrabe su ko da idonsu a rufe. A wasan da dukkan mutanensa 'yan ƙauye ne, sai a bambance ta wata hanyar: maganar fili ta zo da cikakkun jimloli da gaishe-gaishe, ta ciki ta zo a gutsuttsure.

Finafinanmu ma ai suna sa muryar zuci. Ba shi ke nan ba?

Kayan aikin ɗaya ne, amfanin ne ya bambanta. Abin da aka fi yi shi ne jarumi ya zauna ya yi tagumi, murya ta ce lallai yarinyar nan ta yaudare ni, sai na rama. Mun riga mun ga ta yaudare shi, mun kuma ga ransa ya ɓaci. Muryar ba ta kawo labari ba. Gwajin da nake ba marubutanmu shi ne su toshe duk layin zancen zuci da hannu su karanta fitowar. In ba abin da ya ragu, a goge shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, don haka abin da fuska za ta iya bayarwa a bar mata. Zancen zuci ya shigo inda fuska take ƙarya, ko inda mutum yake ɓoye wa kansa da kansa.

Akwai abin da ya ci karo da addini a ciki?

Hukunci na malamai ne, kuma duk ƙungiyar da za ta nuna wasa a jihar da ke bin shari'ar Musulunci tun 2000 ta san dole ta kula da sutura da cuɗanya da irin kalmomin da za a furta. Da yawa daga wasannin da na ambata suna ɗauke da abubuwan da ba za mu ɗora a dandamalinmu ba, dabarar muke aro. Amma binciken abin da ke kai-komo a zuciya tsohon ilimi ne a wurinmu. Alƙur'ani ya ambaci rai mai umarni da mummuna a Suratu Yusuf, da rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da rai mai natsuwa a Suratul Fajr. Imamu Gazali ya ware littafi guda a cikin Ihya'u kan abubuwan al'ajabi na zuciya, inda ya yi bayanin yadda tunani ke ɗarsuwa ya zama niyya ya zama aiki. Marubucin da ya zauna gaban malami ya ji wannan karatu yana da abin gina wasan cikin zuciya ko bai taɓa jin sunan Freud ba.

Ba mu da fitilun dandamali, a aji ko a fili muke wasa. Zai yiwu?

Zai yiwu. Daskarewa ba ta cin ko sisi, haka ɗan wasa na biyu da mayafi. In da dare ne, tocila mai ƙarfi a hannun wanda ya iya riƙe ta ta isa ta ware fuska ɗaya. Makaɗi guda da kalangu ko kurya zai iya zama bugun zuciya. Waya da ƙaramar lasifika za su yi aikin rikodar Beckett, sai dai a gwada su a wurin kafin jama'a su taru, domin muryar da ke fita sarai a aji takan ɓace a fili. Abin da ba a sassautawa shi ne ƙa'ida ɗaya tak a wasa ɗaya. In ka fara da daskarewa, kar ka koma mayafi a tsakiya, za ka rikita mutane.

Rediyo ma gida ne na wannan salo. Ɗan wasa ya matso dab da makirfo ya sassauta murya, mai sauraro a Gummi ko Tsafe ya san an shiga zuci ba tare da an gaya masa ba.

'Yan kallonmu sun saba da barkwanci. Ba za su yi dariya ba?

Za su yi, musamman a farko, kuma ba laifi. Jin mutum yana cewa sannu da zuwa cikinsa yana cewa wa ya gayyato ka abin dariya ne, ko a Amurka sai da ɗan barkwanci Groucho Marx ya kwaikwayi salon O'Neill a wani fim na 1930. Shawarata ita ce ka yi amfani da dariyar. Buɗe wasan da fitowa mai sauƙi, mai bashi da wanda ake bi suna gaisawa a kasuwa, jama'a su yi dariya su koyi ƙa'idar. In ka kai su ga fitowar Inna, da kansu za su yi tsit. Kuma a taƙaita. Mu ba mu da 'yan kallon da za su ba mu awa biyar, minti 30 zuwa 40 ya wadatar.

Za mu iya sa wanda abin ya faru da shi ya fito ya yi nasa labarin?

A nan nake roƙon a yi hattara ƙwarai. Kada darakta ya matsa wa yaro ko yarinya su tono abin da ya same su don wasa ya yi armashi. Wanda aka taɓa sacewa, ko aka kashe nasa a gabansa, in ya shigo ƙungiya a bar shi ya zaɓi rawar da zai taka, ko da riƙe tocila ne. In wani ya ba ku labarinsa da yardarsa, a sauya gari da sana'a da yawan 'ya'ya, a haɗa shi da na wasu, yadda ko maƙwabcinsa ba zai gane shi ba. Garuruwanmu ƙanana ne, kuma akwai labaran da fitarsu kan jawo wa mutum haɗari ko ta hana 'yarsa miji.

Beckett yana da wani wasa na 1972, Not I, wanda kusan ba a ganin komai a dandamali sai bakin mace cikin haske, sauran duhu. Bakin yana zubo labarin wata mata da ta sha wuya, cikin sauri kamar ba zai tsaya ba, kuma duk lokacin da aka matsa masa ya yarda cewa labarinsa ne sai ya ƙi, ya nace cewa ita ce, wata ce. Duk wanda ya zauna da matan da suka tsero daga ƙauyuka ya ji irin wannan: "wata mata ce a garinmu", alhali kowa a wurin ya san ko wace ce. Wasa yana iya ba mutum wannan mafaka, ya ji an faɗi abin da ke ransa ba tare da an nuna shi da yatsa ba. In muka fizge mafakar, cutarwa muka yi.

Da me ƙaramar ƙungiya za ta fara?

Da The Stronger ko Overtones. Dukansu gajeru ne, mata ne kawai a ciki, ba sa bukatar kaya, kuma sun tsufa har ana samun su kyauta a intanet cikin Turanci. Ku karanta don ku ga yadda aka ƙulla su, sannan ku ajiye ku rubuta naku. Wasan Strindberg yana zama daidai a bakin uwargida da ta je barkar haihuwa ta tarar da wadda ake raɗe-raɗin mijinta zai aura. Na Gerstenberg kuma ya dace da ƙawaye biyu da suka yi makaranta tare suka haɗu a gidan biki, ɗaya matar ɗan siyasa, ɗaya matar malamin firamare da albashi ya yi wa jinkiri. A gwajin farko ku sa masu maganar fili su yi fitowar su kaɗai har ta zauna, su san inda za su yi shiru da tsawon kowane shiru, kafin ku shigo da masu mayafi su cike wuraren.